Salansar da Aka Ƙera da Rairayin Gyaɗata

Ni matar maƙeri ce, amma sai da na haifi 'ya'ya uku a gidan kafin in sa ƙafata cikin maƙera. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya hana ni. Haka na tarar matan gidan suna yi, haka na bi. Rumfar tana ƙofar gida, jingine da katangar ɗakina, saboda haka da kunne na san aikin. Ina daga ciki zan gaya maka fartanya ake yi ko lauje, in kuwa ran maigidan a ɓace yake, masaba ce ke fara gaya mini. Tawa sana'ar suyar gyaɗa ce. Ina da kaskona, ina da rairayina da na tankaɗe tun ina amarya, na taho da shi a tulu daga garinmu Ruwan Bago, ya sha wuta har ya yi baƙi. Komai nawa maƙwabciya za ta iya ara, ban da wannan rairayin.

A Rogo ne wannan, zamanin Turawa, shekarun da gyaɗa ke tashe, gab da a ba mu mulkin kai.

'Yar farinmu mace ce, lokacin ta fara famfara, haƙoranta na gaba biyu sun zube. Ba zan rubuta sunanta ba. Sau ɗaya na taɓa faɗinsa a rayuwata, kuma zan zo wurin. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi ba ke za ki ɗaga shi ba. Tun da aka yaye ta surukata ta ɗauke ta. A ɗakinta take kwana, ita ke yi mata kitso, tana kiranta ƙawata. Ni “ke” nake ce mata, ita ta ce mini Yaya. Uban ma ya fi ni. In ta zo wucewa ta gaban maƙera sai ya sunkuya yana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Amma na sha ganin 'yar wuƙar yankan kuɓewa ko ɗan zoben tagulla an ajiye a bakin ƙofar tsohuwa, in an tambaya ya ce ragowar ƙarfe ne, ya ga bai kamata a zubar ba.

Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, ciki ya turnuƙe yarinyar. Da farko mun ce tsutsa ce. Tsohuwa ta jiƙa sabara, ta ba ta jar kanwa, aka karɓo rubutu wurin liman. Duk abin da ya shiga sai ya dawo. Cikin ya kumbura ya yi tauri, ta daina zagayawa, amai ya koma kore. Ina jin kukanta daga ɗakin tsohuwa ina ta juya gyaɗa a kasko, don ba ni da ikon in tashi da gudu kamar kowace uwa. Sai in fake da kai ruwan zafi, in leƙa, in fito.

Ranar kasuwa malamin asibiti ya zo daga Karaye kan kekensa da akwatin magani. Aka shigo da shi. Ya danna cikin sau ɗaya, ta ƙwalla ƙara, ya janye hannunsa. Da tsohuwa ya yi magana, ni ina bayan asabari.

“Inna, hanjinta ne ya naɗe. Wannan ya fi ƙarfin akwatina. Sai Kano, sai an yi mata aiki. Kada ku ɗora ta a jaki, jijjiga za ta kashe ta kafin ku kai Karaye. Kuma don Allah kada ku ce sai jibi.”

Tsohuwa ta ce, “To, ɗan nan, motar hakimi fa?”

Ya ce, “Tana birni da mai ita.”

A wancan zamani, da damina, sai a yi kwana da kwanaki ba a ji ƙugin mota a Rogo ba. Guda ɗaya ce a garin, wata kitika ta wani attajirin gyaɗa na Kano da ta kawo gishiri da atamfa, ta lalace, aka bar ta a gindin kuka bakin kasuwa, kaji na kwana ƙarƙashinta. Direbanta ɗan birni ne, siriri, hula a karkace, yana zaune yana jiran a aiko masa da kayan gyara da ba ranar zuwansu. Maigidana ya je ya same shi. Ko a nan bai ce 'yarsa ba ce. Cewa ya yi tsohuwa ce ke so a kai mata jikarta asibiti. Ya tura ƙanensa, wanda ke yi masa zuga, Karaye da keken aro ko Allah zai sa a dace da wata motar, sannan maza suka turo kitikar har ƙofar maƙera.

Akwai wata kafa a katangar ɗakina inda gara ta ci azara. Ta nan na ga komai.

Direban ya buɗe gaban motar ya nuna. A gefen injin akwai wani baƙin ƙarfe mai baki huɗu, shi ke tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Shi ne ya tsage. Ya buga hannu, wato ya juya ƙarfen tayar da injin, motar ta tashi, sai ga harshen wuta yana fitowa ta tsagar yana lasar bututun fetur. Ya yi maza ya kashe.

Ya ce, “Ka gani, Malam. In na hau hanya da wannan, ba asibiti za mu ba, ƙonewa za mu yi gaba ɗaya.”

Maigidan ya ce, “Ƙarfe ne dai ko? Kwance mini shi.”

Mutumin nan ya gaji ƙira kaka da kakanni. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin ƙarfen da wuta ta ci ya ƙi jin masaba ba. Tsaga a garma, tsaga a gatari, abu ɗaya yake yi musu: ya gasa, ya haɗe bakin, ya daka. Haka ya yi wa wannan. Ya tura shi cikin gawayin ƙirya, direban na zuga masa, har ya yi ja. Ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya ɗaga masaba.

Ƙarar da na ji ba ta ƙarfe ba ce. Irin ƙarar da tukunya ke yi in ta kufce daga ka. Ƙarfen zubi ne, irin na tukunyar ƙarfe, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Ya tarwatse gutsi-gutsi a ƙasan rumfar.

Direban ya ɗora hannu a ka. “Innalillahi! Ka kashe ni! Da tsaga ce, yanzu fa? Me zan gaya wa maigidana?”

Ni kuwa a bayan katanga na zauna daɓas. A wannan lokacin na tsani mijina. Na tsane shi, da masabarsa, da girman kansa, da kakanninsa maƙera duka. Mota ɗaya a gari, hanya ɗaya da ta rage wa yarinyar, ya sa hannu ya farfasa. Daga ɗakin tsohuwa kukan yana ta fitowa, ya shaƙe, ya zama kamar na ɗan akuya.

Maigidan ya ajiye masaba. Ya daɗe a tsaye yana kallon gutsattsarin. Sannan ya shigo gida, ya wuce ni ko kallona bai yi ba, ya zagaya bayan rumbu ya hau tono. A nan yake binne bututun famfo da yake sayowa daga birni yana ƙera wa maharba bindiga, ba ya so dogarai su gani. Ya kwaso duka ya zube a gaban motar, da rana tsaka, a gaban kowa.

Ya ce wa direban, “Baki huɗu ne. Kowane baki zan ba shi bututunsa, in lanƙwaso su ƙasa, in haɗe su a wuyan salansa.”

Direban ya ce, “Ba haka Turawa suka yi ta ba.”

“Hayaƙi ne. Hanya yake nema, ba ruwansa da wanda ya yi ta.”

Ya shafa baƙin tukunya a gefen injin, ya manna jemammiyar fata, bakunan huɗu da ramukan noti suka fito a jikinta. Da wannan ya auna. Ya sare tsohuwar garma ya fitar da faifai huɗu masu kauri, ya huda su da kurfi, ya hau gogewa da magagari. Magagari ba ya sauri. Ina jin kowane ja da ya yi a cikin haƙorana. Har rana ta faɗi faifan kawai aka gama, ba a taɓa bututu ko ɗaya ba. Ƙanen bai dawo ba. Daren nan ba zan ba da labarinsa ba.

Da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke da hantsi. Suka koma. Sai ga wata sabuwa. Bindiga miƙaƙƙiya ce, maigidan bai taɓa lanƙwasa bututu ba. Ya gasa na farko ya karya shi a hankali, sai gwiwar ta lotse ta toshe kamar an karya karan dawa. Na biyu ma haka. Bututun ba yawa gare su ba, kowa na ganin suna raguwa.

Nan direban ya tuna. Ya ce a garejin birni ya taɓa ganin ana ɗura wa bututu rairayi, a toshe bakinsa biyu, sannan a gasa a lanƙwasa, rairayin ya hana shi lotsewa. Abin da ya gani ke nan, iyakarsa ke nan. Suka ɗebo rairayi a gefen hanya inda ruwan asuba ya tara shi, suka ɗura, maigidan ya fiƙe turaku biyu ya buga su tam a bakin. Ni ban ga wannan ba, na tafi kai ruwan zafi ɗakin tsohuwa. Da na gani da ba a yi ba.

Ina tsakar gida na ji ƙara kamar an harba bindiga.

Ban san lokacin da na fita ba. Ba mayafi, ɗankwali ma ya faɗi a zaure. Na tsinci kaina a cikin maƙera, wurin da ban taɓa shiga ba, maigidan na durƙushe ya rufe fuska da tafin hannu biyu, gemunsa duk rairayi yana tururi. Ashe ya sunkuya ne ya duba ko ƙarfen ya yi, turken ya ɓalle, tafasasshen rairayi ya watso masa a fuska. Direban yana can ya manne da katanga.

Na duba ragowar rairayin a ƙwarya, na damƙa, ya dunƙule a hannuna.

Na ce, “Jiƙaƙƙen rairayi kuka toshe kuka sa a wuta? Ko a buɗaɗɗen kasko tsalle yake yi, bare a toshe masa baki!”

Maigidan ya ce, “Yi shiru ki kawo ruwa.”

Na kawo. Na yi ta zuba masa yana ƙifta ido, fatar goshinsa ta sale, idanun sun yi jawur suna zubar da ruwa. Ya buɗe su da ƙyar.

Na ce, “Malam, kana gani?”

“Ina gani. Dishi-dishi ne, zai washe.”

Mutane sun cika ƙofar gida. Wani na cewa a shafa masa zuma, wani na cewa nonon mai jego. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce a haƙura haka, an yi iya yi, a bar wa Allah, in da kwana a gaba yarinya za ta tashi ko ba mota. Direban ya rantse ba zai ƙara taɓa zuga-zugi ba. Ana cikin haka tsohuwa ta leƙo daga zaure. Ba ta dubi ɗanta ba, ni ta duba.

Ta ce, “Ta daina kuka.”

Na ce, “Ta yi barci?”

“Idonta biyu. Ta dai daina.”

Da kukan nan nake rayuwa tun kwanakin baya. Muddin ina jinsa na san da sauran ƙarfi a jikinta. Da aka ce ta daina sai na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban ƙara ji ba har yau. Na shiga ɗaki na rungumo tulun rairayina, na fito na dire shi gaban maigidan. Na kama hannunsa na tura ciki. Ya murza, ya ji yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, “Busasshe ne?”

“Tun kafin a haife ta yake shan wuta.”

Na zagaya na zauna a bayan zuga-zugi, na sa hannu biyu. Dattijon nan ya ce, “Subhanallahi! Mace a maƙera, kai ba ɗankwali? Yarinya, koma ciki, wannan ba wurinki ba ne.”

Na ce, “Baba, in za ka zuga bismillah, ga wuri. In ba za ka zuga ba matsa ka ba ni iska. 'Yata ce ke mutuwa a ciki.”

Ban taɓa cewa 'yata ba, ko a gaban mijina, sai ranar, a gaban maza cike da ƙofar gida. Dattijon ya matsa.

Zuga ba wuya gare ta ba ga wadda ta saba daka. Dama, hagu, dama, hagu, fatar akuya tana numfashi a ƙarƙashin hannunki. Maigidan ya ɗura rairayin da kansa yana bubbuga bututun don ya zauna, ya toshe, ya tura cikin wuta. Wannan karon ya juya bakin ya kalli fili. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, “Hasken wutar na damun idona. Ki riƙa gaya mini launinsa.”

Na ce, “Ya yi ja kamar ɗanyen nama.”

“Bai yi ba. Zuga.”

Na zuga har kafaɗuna suka ɗauki zafi.

“Yanzu kamar cikin kabewa.”

“To, yanzu.”

Ya miƙa hannu zai ɗauki awartaki, sai na ga yana lalube a ƙasa, awartakin kuwa yana nan gefen gwiwarsa. Na tura masa da ƙafa. Na gani sarai. Na ga abin da hakan ke nufi, na haɗiye, don a lokacin hannayensa nake bukata, kuma hannayen lafiyarsu lau. Ya fito da bututun ya jingina shi da gindin wani tsohon turmi da aka kife, ya danna a hankali da nauyin jikinsa. Turmin ya yi hayaƙi. Bututun ya bi, ya lanƙwasu sumul, ko alamar lotsewa babu. Rumfar duk ta ɗauki ƙanshin soyayyar gyaɗa, wani daga cikin masu kallo har ya yi dariya, ya kuma kama bakinsa.

Direban ya dawo hayyacinsa. Shi ke ɗaukar kowane bututu in ya huce ya kai jikin injin ya gwada, ya dawo ya ce a ƙara karya shi kaɗan, ko a rage tsawo. Na gaba ya fi tsawo, na baya gajere, na tsakiya biyu sai da suka kauce wa bututun fetur. Kowane aka gama sai a zare turke a juye rairayin a kaskona, a ɗura wa na gaba. Ɗaya sai da aka mayar da shi wuta har sau nawa, ni kuwa kowane komawa ji nake ana yankar naman jikina. Tsohuwa na leƙowa tana komawa, ni kuwa ba na tambaya.

Saura liƙi. Maigidan ya ce tagullarsa ba za ta isa ba. Na zare warwaron hannuna na aure na miƙa masa, ya sassare su da kurfi. Ya zura kowane bututu a faifansa, ya barbaɗa sinadarin liƙi, ya jera gutsuren tagulla a gaɓar, aka mayar wuta. Nan ma ni ce idon.

“Ta fara zufa. Ta narke. Tana bin gaɓar kamar man shanu.”

“Ta zagaye?”

“Saura ta wajenka.”

Sai ya karkata shi kaɗan, ta gangara ta cike. Daga ƙarshe ya tattaro wutsiyoyin huɗu ya cusa su a wani guntun bututu mai faɗi da ya buɗe wa baki, ya liƙe. Abin da ya fito ba kyan gani gare shi ba. Kamar ƙafar kaza da aka babbake, baƙi, da ɗigon tagulla nan da can. Direban ya juya shi a hannu yana girgiza kai, amma ya ɗauki sufana.

La'asar ta kusa da ya gama ɗaurewa. Ya buga hannu sau ɗaya, shiru. Ya sake, ta yi tari. A na uku ta kama da wani irin ruri da ba a taɓa ji a Rogo ba, awaki suka tsinke igiya, yara suka watse. Maigidan ya ce a kai shi wurin. Ya miƙa tafin hannunsa kusa da kowace gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, yana jin ko iska na fita. Da ya kai ta ƙarshe ya ɗaga murya don a ji shi.

“Ba ta fita ko'ina. Ku tafi.”

Na ce, “Taho mu tafi tare a duba idon nan.”

“In bar tsohuwa da yara da wa? Rairayi ne, hawaye zai wanke shi. Kada ki tsaya surutu.”

Ban tsaya ba. A al'ada tsohuwa ce za ta tafi da jikarta, ni in zauna ina jiran labari. Na shiga ɗakin na tarar ta naɗe ta a zane. Ta dube ni, ta dubi hannayena da suka yi baƙi da gawayi, ta ɗago ta ta ɗora mini.

Ta ce, “Karɓi 'yarki. Ni gwiwata ba za ta iya ba.”

Gwiwarta lafiya lau, da ita take zuwa gona.

Yarinyar ba nauyi, sai cikin. Na fito da ita ta zaure. Maigidan yana tsaye a bakin rumfa, an gaya masa ga mu nan, sai ya yi abin da ya saba, ya kau da kai don kada a ce yana kallon 'yar fari. Amma ƙarar motar ta rikita shi, bai san ta inda muka ɓullo ba. Ya juyo da fuskarsa sosai wajenmu, yana zaton ya ba mu baya. Na wuce da ita ta gabansa, kusa har zanen ya taɓa hannunsa.

Hanyar duk taɓo ce. Motar na zamewa tana gyaruwa, ruwa na fallatsa har kan gilashi. Wajen Kafin Dafga akwai wani hawa da direban ya ce kullum sai an sauka an tura, ya ce in riƙe yarinyar da kyau. Kitikar ta yi ruri ta haye ko tsayawa ba ta yi ba. Ya buga sitiyari yana cewa, “Wallahi ta fi da ƙarfi! Kin ji yadda take numfashi?” Ni kuwa numfashin da nake saurare ba shi ba ne. Kanta na kan cinyata, leɓunanta sun bushe sun tsage, idon a buɗe amma ba ni take kallo ba. Bayan mun wuce Karaye na ji jikinta ya saki. Na sunkuya na sa bakina a kunnenta na kira sunanta. Na kira, na sake kira, da ƙarfi, ƙarar salansa ta rufe, ko direban da ke gefena bai ji ba. Ita ta ji. Ta motsa yatsunta ta kama bakin zanena.

Ana kiran magariba muka shiga asibiti. Aka karɓe ta daga hannuna aka shige da ita, aka bar ni a baranda da hannaye baƙi. Likitan, ta bakin tafinta, ya ce da mun ƙara kwana da ba abin da za a tarar. Aka yi aikin. Ta daɗe tsakanin mutuwa da rayuwa, sannan wata safiya ta ce tana son koko.

Mun jima a can. Direban kan leƙo in ya dawo daga Rogo, ya kawo tsaraba daga tsohuwa. Yana ta ba ni labarin yadda direbobi ke taruwa a tasha suna leƙen ƙafar kazar nan, wasu har suna tambayar wane gareji ne. In na ce idon Malam fa, sai ya ce da sauƙi, yana gaishe ku, ya hau gyara hularsa. Daga baya na ji maigidan ne ya sa shi ya rantse haka zai riƙa faɗa.

An yanke gero muka dawo, a cikin kitikar nan dai. Ƙanen maigidan ya gaya mini cewa tun muna nesa, kafin kowa ya ji komai, maigidan ya saki zuga-zugi ya ce, “Ga su nan.”

Zuga-zugi, i. Da muka tsaya a ƙofar gida ƙanen ne a kan uwar maƙera da masaba, shi kuwa yana zaune a inda na zauna. Fatar goshin ta warke. Idanun sun yi fari fat, duka biyun. An kai shi birni daga baya, suka ce an makara.

Na tsaya riƙe da ƙullin kayanmu na kasa gaba na kasa baya. Yarinyar ta sauko, ta rame, kai a aske, ta sunkuyar da kai za ta wuce ɗakin kakarta yadda ta saba wuce maƙera. Ya ji takunta.

Ya ce, “Zo nan.”

Ta waiwayo ta dube ni, don bai taɓa kiranta ba. Na ce ta je. Rumfar cike take da masu jiran lauje, har da dattijon nan. Ya miƙa hannu biyu ya lalubo kafaɗunta, ya hau shafa kanta, kunnuwanta, hancinta. Ya taɓa bakinta ya ji sababbin haƙora sun fito a gurbin da ya sani. Ya ce ina wurin. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan tabon, ya bi shi a hankali daga sama har ƙasa, kamar yadda ya bi gaɓoɓin nan huɗu.

Ya ce, “Sun iya liƙi.”

Ya jawo ta ya rungume, a gaban kowa, kafaɗunsa na rawa. Ni ma na ajiye ƙullin a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ciwon ya fara.

Tun daga ranar ita ke riƙe masa sanda zuwa masallaci. In yana nemanta da sunanta yake kira, gatsal, daga ƙofar gida har a ji a maƙwabta. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi rashin kunya.